Ɗakin Gashin Othman da Bangon Khala Dela

Othman mai tsire a Jidda aka yanke masa cibiya, a unguwar Mahjar, a gidan da kakansa ya gina bayan ya zo hajji a ƙafa ya manta hanyar komawa. Gado biyu ya ci: ɗan ɗakin gashi a bakin lungu, da baki mai yawan tayi. Ko kyanwa ce ta gifta sai ya ce mata bismillah. Matarsa Zakiya takan ce da tayi na ƙosarwa, da babu mayunwaci daga nan har Khumra.

Lungun nasu kuwa, mai ƙiba sai ya karkace yake wucewa. Bara da ciwo ya kayar da wani dattijo, motar asibiti a titi ta tsaya, a bargo aka fito da shi. Don haka da baladiyya, wato hukumar birni, ta samu tallafin gyaran unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, kwata da fitilu da shimfiɗa hanya, kowa ya yi hamdala. Sai injiniya Nayef ya auna bakin lungun, ya ce mota ba za ta shiga ba sai an yanke gefe ɗaya. Hagu ɗakin gashin Othman. Dama ɗakin girkin Khala Dela, tsohuwar da ta goya shi yana jariri.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, lungu ya cika. Umda, wato mai unguwa, yana kan kujera. Wani ma'aikaci na girgiza gwangwanin jan fenti.

"Ni duk ɗaya ne," in ji Nayef. "Bango za mu sake ginawa, amma filin ya tafi. Ku zaɓa yau. In ba haka ba aikin ya koma wata unguwa, halas."

Othman ya riga ya kwana da zancen. In aka raba ɗakinsa biyu murhu ba zai zauna ba, baladiyya kuma ba ta yarda da wuta a kan titi. Amma wane ɗan halas ne zai buɗe baki gaban jama'a ya ce a rushe na tsohuwa? Dabara ɗaya ce, kara. Ya yi tayi, ta ƙi, ya rantse, ta rantse wadda ta fi tasa, babba ya yi nasara. Haka suke yi tun yana yaro, ko a kan tsokar nama.

Ya daki ƙirji. "Ya Umda, ina raye a taɓa bangon uwata? A yanke nawa!"

"Ma sha Allah!" in ji jama'a.

Ya juya yana jira. Khala Dela ta gyara mayafi.

"Allah ya yi maka albarka, ya waladi, ɗana."

Shi ke nan. Ba ta ƙara ko wasali ba.

Gumi ya keto masa. "Khala, nawa fa na ce. Ɗakin gashin. Inda nake neman abinci."

"Na ji ka. Gwiwa ce ta lalace, kunne ƙalau."

Wani ya ƙyalƙyale, ya mayar da ita tari. Daga tagar sama Zakiya ta kira shi da sunan 'yarsu, "Abu Ruba!" irin kiran da ba a amsawa a tsira.

"Ka tabbata?" in ji Nayef. "In fenti ya hau, ba ya sauka."

Ga ƙofa nan a buɗe. Kalma ɗaya, ya ce wasa yake, ɗakinsa ya kuɓuta. Idon lungu duka na kansa. Ya dubi tsohuwar. Ta matso, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Bana ba ni da ƙarfin kara, Othman. In na ce nawa, karɓewa za ka yi."

Gaskiya ta faɗa.

"Yalla, shafa," ya ce wa mai fenti.

Jan layi ya sauko daga rufi har ƙasa, ya bi ta tsakiyar murhun. Umda ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai aka ji Zakiya ta bugo taga da ƙarfi har ƙura ta zubo.

"Ya Umda," in ji Othman, "ka tsawaita addu'ar. Ba na saurin shiga gida."