Ummu Salma, Sosonki na Nan da Rai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Ummu Salma Kallamu a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan gajeriyar jinya. Tana shekarar ƙarshe ta digirinta na uku kan halittun teku. Mu 'yan kasuwar benen Tianxiu muka yi ta zirga-zirgar takardu har aka ɗora gawarta a jirgi daga filin jirgin sama na Baiyun zuwa Kano.

Ummu, ba ciki ɗaya muka fito ba, amma Yaya Lauratu kike ce mini, kuma ba a baki kawai ba. Na fara ganinki ne ranar da na tsaya gaban likita ina nuna masa cikina da hannu, Sinancin da na iya bai wuce na ciniki ba. Kika taso daga layi kika fassara mini, kika bar naki layin ya wuce. Tun daga nan babu wanda ya ƙara zuwa asibiti a cikinmu bai kira ki ba. Kin zauna da masu haihuwa, kin kwana da masu jinya, ko kuɗin mota ba kya karɓa.

Da muka ji abin da kike karantawa, dariya muka yi har da riƙe ciki. Yarinya ta baro Kano, inda babu teku, ta zo har ƙasar Sin karatun soso! Ilu, mai ɗaure mana kaya, kullum ya gan ki sai ya ce, “Dakta, nawa ne dozin? In akwai kala-kala mu cika kwantena.” Ba ki taɓa jin haushi ba. Ke kika zaunar da ni kika ce soson teku dabba ce mai rai, ba ido, ba baki, ba ƙafa. Manne take a bangon kogo cikin duhu, tana zuƙar ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinta, ta tace abincinta. Ni dai na ce in dabba ce ta yi kuka in ji.

Akwai wani kogo a ƙarƙashin ruwa, a gefen wani tsibiri da ke kudu da nan, inda kuke nutso ke da abokiyar karatunki Lin. Bara kika yanko 'yan gutsattsarin soso daga bangonsa, kika ɗaura su a kan fale-falen tayil, kina rainonsu a tankin gilashi a ɗakinki. Baƙin yadin da kika lulluɓe tankin da shi a wurina kika saya, kika kuma tsaya ciniki kamar ba ki san ni ba. Da guguwar teku ta wuce a watan Satumba, kika je kogon kika dawo jiki a sanyaye.

“Yaya, bangon kamar an kankare shi da wuƙa,” kika ce. “A iya sanina, irin nasu sai na ɗakina suka rage. Da teku ta lafa zan mayar da su.”

Kin nanata mini abu ɗaya: kada iska ta taɓa su. In aka ciro soso daga ruwa, iska ta shige ƙofofinsa, da wuya ya tashi. Teku ba ta kai ga lafawa ba kika kwanta.

Al'adarmu a nan sananniya ce. In ɗan'uwa ya rasu, mukan tattara kayansa har allura mu aika wa magada, kada haƙƙin kowa ya maƙale a wuyanmu. Ga mai gidan haya yana son ɗakinsa. Ilu ya ce shi zai ɗaure kayanki, ba kuma zai karɓi ko sisi ba. Na dawo daga kasuwar Shisanhang da rana na biya ta ɗakin, sai na tarar ya shimfiɗa tawul a bakin taga, ya jera soso guda uku a kai, hannunsa na cikin tankin zai ciro na huɗu.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Ya juyo a firgice ya ce, “Hajiya, ai kaya ba a ɗaure shi da lema, fumfuna zai yi a hanya. Na ce bari su ɗan sha iska.”

Da na faɗa masa abin da kika faɗa mini, zama ya yi a ƙasa. Ban taɓa ganin Ilu yana kuka ba sai ranar. Ba na ganin laifinsa, Ummu, na kuma san ke ma ba za ki gani ba. Abin da ya fi iyawa a duniya ya zo ya yi miki. Mun mayar da ukun cikin ruwa a roba daban, amma ba su tashi ba.

Sauran kuwa ba nawa ba ne balle in yanke hukunci a kansu. Na kira mahaifiyarki, Hajiya Balki, na yi mata bayani iya yadda na gane. Ta ce bari ta ji ta bakin yayyenki. Da ta kira ni sai ta ce, “Lauratu, ni ban san soso mai rai ba. Amma tunda ta ce za ta mayar, ku mayar mata. Mun yafe.”

Lin ta zo ta nuna mana yadda ake yi: a nutsar da kwano cikin tankin, a tura soson ciki a ƙarƙashin ruwa, a ɗago shi da ruwansa. A jarkoki muka zuba su da ruwansu, Ilu ne ya sauko da su daga bene. Mutumin da ke wurgi da dilar kaya kamar matashin kai, ranar tafiya yake kamar ya ɗauko jariri, kowa ya matso ya daka masa tsawa.

Yanzu tankin yana ɗakina. Na koyi haɗa ruwan gishiri, na koyi sauraron famfon da ke juya ruwan tankin, labulena a sauke yake dare da rana. Duk da haka ɗaya ya ƙara yin fari ya mutu, na yi kukansa kamar a ranar kika rasu. Wasu sun ba da shawarar a jiƙa sauran a magani a adana su cikin kwalba, a rubuta sunanki a jiki, ko ba komai a tuna da ke. Na ce a'a. Ba kwalba kika yi musu alkawari ba.

Jiya Lin ta ce teku ta lafa, ta sami kwalekwale ranar Asabar. Kin san ni da ruwa: ko jirgin shaƙatawa na kogin garin nan ban taɓa yarda na shiga ba, kin sha yi mini tsiya a kai. To zan shiga wannan. Zan rufe shago, masu jiran kaya a Kantin Kwari su yi haƙuri. Ilu zai ɗauki jarkoki, Lin za ta nutse da su, ni kuma ba zan matsa daga bakin kwalekwalen ba sai ta ɗago ta ce ta ɗaura na ƙarshe. Ta gargaɗe ni cewa ba lallai duka su kama bango ba. Na ce wannan na Allah ne, nawa in kai.

Ya Allah, Ka jiƙan Ummu Salma, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk majinyacin da ta tsaya wa a baƙon gari, Ka sa ta tarar da ladansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balki, da yayyenta, da dukkan dangi a Kano. Allah Ya ba ku juriya, Ya saka muku da alheri kan abin da kuka yafe. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Ki huta, ƙanwata. Ranar Asabar, in Allah Ya yarda, zan kai su gida.