Sandar Kaka da Damin Kara

Ɗazu na ɗaga damin kara zan kewaye rumfar bayan ɗaki saboda ɗari, sai ga kububuwa kwance a ƙarƙashi. Na gaji da roƙon mazan gidan nan, kullum sai gobe.

Da kakata na raye, da tuni an gama. Kowane dami sai ta buge shi da sandarta, ta kasa kunne. Wata shekara a Jabo na yi mata dariya, ta ce, "Ke ɗiyar boko, sallama nika yi ma masu wuri."

Macijin ya sulale, ba a gan shi ba, ga ɗana ya fara rarrafe. Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka, Ya tsare mana gidan da kika bari.