Rawaya da Shuɗi a Littattafan Baba

Goggo Babba, kamar yadda 'ya'yan dangi ke kiranta, ta tsufa tana buga wa mutane takardu a ɗan shagonta na bakin titi. Ita ce ta yi jinyar mahaifinta, malamin dabbobi, har ya cika. Da aka zo rabon kaya, ba ta nemi komai ba sai littattafansa, waɗanda ya cika gefensu da ƙananan rubutu. Shafi bayan shafi ta ɗauke su hoto a na'urar shagon, ta zuba a kwamfuta.

Ƙanwarta Auta, ma'aikaciyar jinya a wani gari, ta roƙi a haɗa kwamfutocinsu, duk abin da ɗaya ta ƙara ya bayyana wurin ɗayar. Suka yi sharaɗi: bayanin da Goggo za ta ƙara a gefen shafi da launin rawaya, na Auta da shuɗi.

Rawayar Goggo ba ta wuce gyaran kalmar da ta goge ba. Shuɗin Auta kuwa, kullum da safe sai Goggo ta tarar ya ƙaru. Nan Auta ta rubuta yadda Baba ya nuna mata hoton haƙorin doki ranar da ta faɗi jarrabawa, ya sa ta dariya. Can ya ce mata hannunta irin nasa ne. Goggo ta karanta, ta sake karantawa. Ita da ta wanke shi, ta juya shi, bai taɓa ce mata komai game da hannunta ba.

Sai ta kashe haɗin. Auta ta kira tana tambaya, Goggo ta ɗora wa intanet laifi.

"Yaya, intanet ɗin nan naki da ni kaɗai yake gaba?" in ji Auta tana dariya.

Goggo ta ce kwastoma na jiranta, ta kashe wayar. Tsakanin aiki da aiki ta riƙa tono nata abubuwan tunawa tana rubutawa: yadda Baba yake lasar yatsa kafin ya juya shafi, yadda ya ƙi shan magani sai daga hannunta. Rawaya ta cika gefen shafuka.

Ranar da ta mayar da haɗin, kwamfuta ta ce kwafin biyu sun sha bamban, domin Auta ma ba ta daina rubutu ba. Wanne za a bari? In ta zaɓi nata, shuɗin ya tafi, har a kwamfutar Auta. Ta daɗe hannunta kan linzamin kwamfutar, mai jiran takardarsa yana gyaran murya.

Ta danna a bar duka biyun.

Shi ya sa yau kowane littafin Baba biyu ne a kwamfutocinsu. Auta ta sha cewa a zauna a haɗe su wuri guda. Goggo takan ce sai ta sami sarari. Amma ta sami sararin bin nata ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara wa sunan kowanne "na asali".