Ƙunshin Alkamar da Na Kai wa Kifaye

Ni dai tun ina da ƙarfina sana'ata ɗaya ce, sayar da hatsin tattabaru. Ina zama a gefen hanyar da alhazai ke bi zuwa Harami, da 'yan ƙulle-ƙullen alkama a gabana. Wanda ya saya ya watsa, tsuntsaye su sauko su ci, ya sami ladansa ya wuce. Haka na yi ta yi har gwiwoyina suka gaji, 'ya'yana suka ce zaman ya isa haka. Na bar bakin hanya, amma ban bar tattabaru ba. A saman benenmu na unguwar Hindawiyya, kullum da hantsi da kuma bayan la'asar, ina hawa da kwano in kira su, su zo.

Mai raka ni wannan hawa ita ce autar jikokina, 'yar ɗana mai tuƙin tasi. Shekarunta shida. A nan Makka aka haife ta, a nan aka haifi ubanta, bakinta Larabci ne zalla. In na yi mata Hausa tana ji sarai, sai ta mayar mini da Larabci. Sitti take ce mini, wato kaka a bakinsu, ni kuma ƙawata nake ce mata. Yarinyar nan ta ɗauka babu abin da zan kira a duniya ya ƙi zuwa, don ta ga ina buɗe baki sama tana cika da fukafukai.

Wata rana ubanta ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ranar Asabar ba zan fita aiki ba. Jidda za mu, har da ke."

Na ce, "Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Gidan kifi za mu kai yara. Ba na ci ba fa, Inna, na kallo. Masu rai, iri-iri, har da waɗanda suka fi ni tsawo."

Ƙawata ta faɗo jikina tana tsalle, ta ce, "Sitti, in kin kira su za su zo?"

Ban tsaya tunani ba na ce, "Duk mai baki da ciki, in na kira shi zai zo."

Yayarta, wadda ta fara zama budurwa kuma waya ba ta barin hannunta, ta yi dariya ta ce, "Kaka, kifi ko kunne ba shi da shi."

Na ce, "Ke da kike da kunne biyu, sau nawa nake kiranki kafin ki amsa?"

Kafin Asabar ta zo, babu ɗakin da ƙawata ba ta shiga ba a benen nan tana shela, Sitti za ta je Jidda ta kira kifi. Ni kuwa a raina na zana wurin kamar wani babban tafki da aka kewaye da shinge, mutum ya tsaya a baki ya watsa abin da ya kawo. Kuma ni tun da nake ban taɓa zuwa kallon halittar Allah hannu rabbana ba. Saboda haka ranar Juma'a na zauna na tsince alkama mai kyau, na sheƙe ta, na ƙulle tafi biyu a bakin mayafina. Ban gaya wa kowa ba. Wa ke neman izini kafin ya kai wa masu gida tsaraba?

Muka tashi bayan azahar, mu biyar a motar: ni a gaba, surukata da 'yan matan a baya. Duwatsun Makka suka yi ta ja da baya, ƙasa ta miƙe, har iska ta fara yin nauyi da ɗanɗanon gishiri. Teku kam na san bayanta. A goye mahaifiyata ta haye ta da ni daga Sudan, kuma na sha zuwa Jidda neman takardu da tarbar baƙi. Amma cikinta ban taɓa gani ba. Ɗoki ya kama ni kamar yarinya ranar sallah, sai na riƙe carbina na daure fuska don kada yara su gane.

Da muka shiga, sanyi ne ya fara tarbar mu, sannan wani haske shuɗi-shuɗi kamar na gab da fitowar rana. Na ɗaga kai, sai na tsaya cak. Bango ne, amma bangon ruwa ne, kuma yana motsi.

Jama'a, na ga abin da ban san Ubangiji ya ajiye a ƙarƙashinmu ba. Na ga kifi rawaya kamar an tsoma shi a kurkum. Na ga mai zane fari da baƙi, an tsara masa kamar saƙar hannu. Na ga wani mai faɗi kamar faifai, ba iyo yake yi ba, tashi yake yi, yana kaɗa gefunansa a hankali kamar tsohuwa tana shanya zane. Akwai wasu ko ƙashi ba su da shi, kamar 'yan laima na ruwa, suna buɗewa suna rufewa. Wani kuma na rantse dutse ne, sai da ya juya ido ya dube ni. Tasbihi ya ƙi barin bakina. Surukata ta ce, "Inna, a hankali, tukuna ma muna bakin ƙofa." Ni da ake jira a matakala, ranar nan ni ake bi a baya.

Sai da muka wuce ɗaki biyu na farga da abin da ke gabana. Ko'ina gilashi ne. Daga ƙasa har sama gilashi, babu baki, babu murfi, babu ko 'yar kafar da ƙwayar alkama za ta shige. Na shiga shafa gefen bangon ina lalube. Nan surukata ta hango ƙullin.

"Inna, mene ne wannan a bakin mayafinki?"

"Tsarabar masu gida."

Ɗana ya dafe kai, ya rage murya ya ce, "Haba Inna. A nan an hana. Ko ba a hana ba ma, ta ina za ki zuba?"

Wata ma'aikaciyar wurin da ke kusa ta ji mu. Ta matso da fara'a ta ce mini da Larabci, "Ya Hajja, Allah ya saka miki, amma abincinsu daban ne, alkama za ta ɓata musu ciki." Na yi mata godiya. Gaskiya ta faɗa, ni ma ba na yarda a ba tattabaruna abin da ban sani ba.

To, amma ga ƙawata riƙe da gefen abayata tana ja. "Sitti, yalla, kira su."

Na tsaya gaban wani ƙaramin gilashi, na sunkuya, na yi kiran da na saba, kur, kur, kur, ku zo bayin Allah. Ko ɗaya bai waiwayo ba. Wani ja ma ya juya mini wutsiya ya shige ramin dutse. Yayar ta ɗaga waya tana ƙunshe dariya. Ban damu da ita ba. Fuskar ƙaramar na duba, na ga ta saki abayata, ta sa yatsa a baki, tana kallon ƙasa. Shekara shida yarinyar nan ba ta taɓa jin na faɗi abu bai zama ba.

Na ce, "Waɗannan a ƙoshe suke. Mu je gaba."

Muka bi ta wani dogon lungu wanda ruwa ya rufe shi ta sama da gefe, kifaye suna wucewa ta kan kawunanmu, ana ganin fararen cikkunansu. A ƙarshensa akwai gilashi mafi girma, ya kai faɗin gaban gida. Mutane sun yi cincirindo a tsakiya suna kallon wani ƙato mai baki a ƙarƙashin haɓa, wanda yara suka ce mini ƙirshi ake ce masa, mai cin mutane. Gwiwoyina suka nemi hutu, na sami benci a baya na zauna. Ƙawata ta zauna a can ƙarshen bencin, ta bar fili tsakaninmu.

Da na rasa abin yi, sai na yi abin da na iya. Na daina kallon kyansu, na shiga kallon tafiyarsu.

Wanda ya daɗe yana ciyar da tsuntsu ya san abu guda: ba kira ke kawo su ba, lokaci ke kawo su. Kafin in hau bene da kwano, ƙananan sun riga sun jeru a kan katanga ta ɓangaren da nake ɓullowa, suna ta sauya ƙafa. Manya suna nesa suna yi kamar ba ruwansu, amma duk sun juyo da ƙirji waje ɗaya. To, ina zaune sai na ga ƙananan kifaye masu ƙyalli kamar azurfa sun bar yawonsu, suna haurawa kusurwar hagu ta sama, su taɓa su dawo, su taɓa su dawo. Na ga mai faɗin faifai ya taƙaita zagayensa. Na ga wani babban kunkurun ruwa da ke kwance tun zuwanmu ya ɗago wuya. Na san wannan rawar ƙafa ko a ina na gan ta.

Na miƙe ban ko dafa bango ba. Na ce, "Ƙawata, taso."

Ta zo tana jan ƙafa. Na kai ta kusurwar hagu, inda babu kowa. Na ɗaga ƙullin alkamar sama, na buɗe murya kamar ina kan benenmu, kur, kur, kur, ku zo bayin Allah, ku zo.

Suka zo. Da farko 'yan azurfan, sannan rawaya, sannan masu zane, sannan kowa da kowa, har ruwan gabanmu ya rufe da jiki, babu inda za ka ga shuɗi. Mai faifai ya zo ya shimfiɗa cikinsa a gilashi daidai fuskar yarinyar. Kunkurun ya taso yana tuƙi da hannuwansa. Jama'a suka baro ƙirshi suka yo kanmu da wayoyinsu. Sai ga abinci yana saukowa daga sama kamar yayyafi, ga wani mutum cikin baƙaƙen kayan ninƙaya ya nutso da jaka a hannu yana rabawa.

Ƙawata tana tsalle tana dukan cinyata, tana gaya wa duk wanda ke kusa, Balarabe da Ba'indiye, "Sittina ce ta kira su! Sittina ce!" Ni kaina dariya nake yi, hawaye na zuba.

Ɗana ya matso kunnena ya ce, "Inna, wa ya karanta miki allon?"

"Wane allo?"

"Ga shi can, an rubuta lokacin da ake ba su abinci."

Na ce, "Yaushe na fara karatu ban sani ba?"

Muka fito muka yi la'asar, muka shimfiɗa darduma a bakin teku, surukata ta zuba shayi. Kowa yana ta santin abin da ya gani, amma ni wani abu yana damuna. Na faɗi maganar da ta fi ƙarfina, Allah ya rufa mini asiri, kuma yarinya tana yawo da abin da ba haka yake ba. Na jawo ta jikina.

Na ce, "Ƙawata, kifayen nan ba kirana suka ji ba. Mai abincinsu suke jira. Ni dai na gane ya kusa zuwa, na gane ta inda zai zo."

Ta ƙura mini ido. Na zaci kuka za ta yi, ko ta koma ƙarshen darduma.

Ta ce, "Ta yaya kika gane? Ba kya karatu."

"Su suka gaya mini. Miƙo hannunki."

Na kwance ƙullin na juye mata alkamar a tafi. Akwai tattabaru a kan fitilun bakin hanya, irin namu na Makka sak. Na ce kada ta watsa tukuna, ta duba. Wace ce ke sauya ƙafa? Wace ce ta juyo da ƙirji? Wace ce za ta fara sauka? Ta daɗe tana duba, goshinta a tattare. Can ta nuna wata 'yar siririya mai farin wuya. Na ce to, watsa.

Ba ita ta fara sauka ba, ta kusa da ita ce. Ƙawata ta buga ƙafa ta ce sai an sake. Muka sake har alkamar ta ƙare, a na huɗu ta ci.

Tun daga ranar ita ke riga ni hawa bene. Sai ta leƙo daga matakala ta ce mini, da Hausarta mai ɗingishi, "Sitti, sun jeru." Ban koya mata kalmar ba, a bakina ta tsince ta.

Hoton da yayar ta ɗauka a waya kuwa ya zaga dangi har unguwar Mansur, har Kano. Ta yanke wurin da mai ninƙaya ya sauko, ta bar ni da hannu a sama kifaye suna tururuwa. Duk wadda ta zo gaishe ni sai na zaunar da ita na yi mata bayanin yadda abin yake tun daga farko. Har yau babu wadda ta saurare ni zuwa ƙarshe.