Ɗan Saman da Na Roƙa wa Ruwa

Wata Asabar ce cikin watan Satumba na shekarar 2003, ina 'yar shekara tara, Babanmu ya tsaya cak a bakin kasuwar Gorton da ledar albasa a hannu, har wata tsohuwa mai jan keken cefane ta bangaje shi ta baya. Ko waiwayawa bai yi ba. Idonsa na kan teburin wani dattijon Bature mai sayar da kayan wasa a ƙarƙashin tsohon tampol shuɗi. Mu yaran unguwa Mai Kwali muke ce wa dattijon, domin duk hajarsa a rufe take cikin kwali da farar roba, da ka kai hannu kuma sai ka ji gyaran murya. Abin da ya tsayar da Baba wani ɗan mutum-mutumi ne mai siffar ɗan sama jannati da bai wuce tafin hannu ba, kwalkwalin azurfa ya rufe masa fuska, ga jan takalmi har gwiwa. Baba ya leƙa farashin da aka manna a kusurwa, fam ashirin da biyar, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ɗan Sama, ashe kana nan." Sai ya gyara riƙon ledarsa muka wuce.

A lokacin Baba ba tare da mu yake zaune ba. Aiki ya kai shi wata masana'anta a Birmingham, ya kama ɗaki a unguwar Lozells, sai jifa-jifa yake zuwa mana Manchester a ƙarshen mako. Kafin tafiyar nan babu ɗan wasa kamarsa, shi ne dokinmu, shi ne kurarmu. Bayanta kuwa in ya zo, daga sallama sai kujera, barci ya kwashe shi da safa a ƙafa, mahaifiyarmu Mma tana yi mana alama da ido mu rage hayaniya. Na daɗe rabona da jin dariyarsa, abin kuma yana cina a rai, na rasa wanda zan faɗa wa. Amma ran nan a hanyar gida bakinsa ya buɗe. Ya ce yana yaro a Zangon Kumasi akwai irin wannan sak a tagar wani babban kanti, kullum in an tashi makaranta sai ya bi ta nan ya manna goshi a gilashi har mai gadi ya kore shi. Da ya ga ba mai saya masa, sai ya haɗa nasa da gwangwanin madara da waya. Yanzu Turawa sun sake ƙera shi da fasalin na dā, har zanen kwalin ba su canza ba. Yana ba da labarin yana kaɗa hannu, albasa na ta lilo, ni kuwa a nan na ƙudura cewa Ɗan Sama sai ya shiga hannun Babana kafin ƙaramar Sallah.

Na fara da gaggawa irin ta yaro. A shagon da komai fam ɗaya ne na ga wani mai kama da shi, na saya da kuɗin alawata, na taho ina tsalle. Ban kai gida ba azurfar ta fara bin yatsuna, kafin la'asar hannunsa na dama ya cire, ciki fayau ba komai. Mma tela ce, keken ɗinkinta a falo yake, kuma ba ta sayen ko zare sai ta ja shi ta ji ƙarfinsa. Ta juya abin nan sau ɗaya ta miƙo min, ta ce, "Araha ba ta ado, Salamatu. Wannan kike so ki ba ubanki?" Ta ɗan yi tsaki kan shigo da mutum-mutumi gidan da ake sallah, na ce mata ai ba shi da fuska, kwalkwali ne. Ta kalle ni ta ce bakina ya fi ni girma, amma Asabar ta gaba ta yafa mayafi ta bi ni.

Mma ta yi ciniki da 'yan kasuwar Kumasi ta tsira, don haka na ɗauka Mai Kwali ba zai kai mata ko'ina ba. Ta ce ya buɗe ta taɓa. Dattijon nan ya dafe ƙirji kamar ta ce ya yanka ɗansa. Ya yi mata bayani a hankali, ni ina fassara inda ya yi sauri, cewa da zarar an ɓare robar nan darajar ta zube, masu tara irin waɗannan kaya ba sa buɗewa, jera su suke yi a kanta suna kallo. Ya nuna mana wani kwando a ƙasa inda yake zuba waɗanda kusurwar kwalinsu ta lanƙwashe ko rana ta dusashe launinsu, farashinsu bai kai rabi ba, alhali na ciki lafiyarsa ƙalau. Mma ta juyo gare ni ta ce, "Ikon Allah! Mutanen nan kwali suke saye, mutumin ciki gyara ne." Ta taya, ya ƙi, ta ƙara, ya ƙi, muka taho hannu rabbana. Ita ranta a ɓace, ni kuwa kwandon nan ya tsaya min a ido, haka ma wata 'yar huda da na hango a tampol ɗinsa, daidai saman layin da Ɗan Sama yake rataye.

Daga ranar na zama 'yar aikin Mma ba tare da an aike ni ba. In na dawo makaranta na cire yunifom, sai in zauna gindin keke ina tsince zaren da ya zubo, ina bin kafet da maganaɗisu ina kwaso allurai, ina goge bakin zani da ta kalmashe. Canjin da take ba ni a tsohuwar safa nake ƙullewa. 'Yan layinmu suna ƙwanƙwasa ƙofa a fito tsallen igiya, in ce ba ni nan, da bakina. Na san safar nan ba za ta taɓa kai farashin kan kwali ba, don haka na haɗa da addu'a. Azumi ya kama, malamarmu ta islamiyya ta ce addu'ar mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa, ni kuma rabin yini nake yi, na ce ko rabi aka karɓa ya ishe ni. Kowa a garin yana kukan ruwan Manchester, ni kaɗai nake ɗaga hannu ina roƙon a ƙaro, a kuma saita shi kan hudar nan. Duk Asabar sai na je na duba. Mai Kwali ya gane ni, har ya riƙa ce min ba a sayar ba tukuna, ban sani ba ko tausayi ne ko gajiya.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah aka yi wata iska mai ruwa da ta juya wa mutane lema. Da muka isa kasuwa na tarar da gurbin Ɗan Sama wayam, gabana ya faɗi, hawaye ya kawo. Sai dattijon ya nuna kwando da haɓa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ga shi nan kwance, gefen kwalin ya sha ruwa ya kumbura, shuɗin zanen ya zama ruwan toka, amma mutumin ciki ko ɗigo bai taɓa shi ba. Mma ta ce, "Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki." Duk da haka sai da ta sake tayawa, ta cika min abin da safa ta gaza.

Baba bai samu hutun Sallah ba, sai mu muka hau doguwar mota zuwa Birmingham da kular wake da shinkafa da kwalbar yajin shito. Ɗakinsa a Lozells ɗan mitsitsi ne, gado da kujera ɗaya da dardumar sallah. Maƙwabcin ɗakinsa, Bulus, wani saurayi ɗan Jos mai karatu a jami'a, ya shigo yi mana barka da Sallah, a gabansa na miƙa wa Baba ƙunshin. Baba ya zare ledar. Bulus ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah kar ka buɗe. Collectors, masu tara kayan nan, ke neman irin wannan, ko da kwalin ya jiƙe, nan gaba kuɗi ne." Baba ya ɗago ya ce, "Ɗana, tun ina yaro nake kallonsa ta bayan gilashi. Yau ma ta bayan roba?" Ya sa haƙori ya ɓarke ta. Ya lanƙwasa gwiwar, ya ɗaga hannun, ya ji kowace gaɓa tana motsi daram ba sako-sako, sai ga mutumin nan da babbar rigarsa ta Sallah ya durƙusa a kafet yana shawagi da Ɗan Sama a kan kular abinci, yana ƙarar jirgi da baki. Dariyarsa da na daɗe ina nema ta fito, har da tari, har Mma tana goge ido da gefen mayafi tana cewa tsufa ya zo wa wani da gardama. Kwalin ma bai tafi a banza ba, Mma ta busar da shi ta yanka samfurin wuyan riga, ta yi shekaru tana aiki da shi.

Yau Baba ya kwanta dama, Ɗan Sama yana wurina. Azurfar kwalkwalin ta goge daidai inda babban yatsan Baba yake zama, hannun hagu kuma da baƙin zaren Mma aka ɗaure shi. Kwanan baya ɗana ya bincika a waya, ya ce da mun bar shi a rufe, da yanzu ya biya hayar wata. 'Ya'yan yanzu har akwatin roba suke saya su saka kwalin a ciki, don kar ƙura ta taɓa shi. Na karɓi wayar na kalli hoton wani fes a cikin kwalinsa, ba tabo ba ƙwarzane, ya ba ni tausayi. Shi wannan bai taɓa sa kowa dariya ba.