Ƙuri'ar Baba Garba daga Sonapur

Mun tashi da asuba ranar Lahadi daga Hor Al Anz, unguwarmu a Dubai, ni da abokin tafiyata, a motar kamfaninsu na gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin motar kansa ya mutu tun bara, kuma har yau mai gyaran bai sami lokacinsa ba. A kan cinyata akwai jakar leda ɗauke da ambulan ashirin da uku, biro biyu, da ɗan akwatin tawadar dangwale. Masu bibiyata sun san ba na fita ranar hutu ko da me, don haka bari in faɗi abin da ya raba ni da katifa.

Mu 'yan Najeriya mazauna waje ba mu da hanyar jefa ƙuri'a daga nesa. In kana son zaɓe, sai ka yanki tikiti ka koma gida. Wani abokin aikina ɗan Filifin yakan zaɓi shugaban ƙasarsu daga nan Dubai ya dawo bakin aiki yana murmushi, ni kuwa iyakata musu a waya. Da na ga babban zaɓe ya fi ƙarfina, sai na koma kan ƙarami, wato na ƙungiyar ci gaban garinmu. Shekara biyu ina damun dattawan gida cewa tunda ana tuna mu in za a yi rufin makaranta, to a tuna mu ranar zaɓen shugaba. Bana suka gaji suka yarda, amma da sharaɗi. Kowa zai saka takardar ƙuri'arsa a ambulan, a rubuta sunansa a baya, ya dangwala babban yatsansa na dama. A gida za a gwada dangwalen da wanda ya yi a babbar rajista ranar da ya shiga ƙungiya. Wai don kada sakataren Dubai ya zauna a ɗaki ya cike wa kowa. Sakataren nan ni ne, kuma a gabana aka faɗa.

Wata Hajiya 'yar kasuwa ce za ta tafi da ambulan ɗin, jirginta na yamma, ta ce in na wuce la'asar in riƙe kayana. Na riga na karɓi na mutanenmu na unguwar Deira a cikin mako. Saura na Al Warsan da na Muhaisnah, inda kowa ke kira Sonapur.

A cikin duk waɗanda ke jirana babu kamar Baba Garba. Birkila ne, shekararsa goma sha ɗaya a nan, kuma tun da ya baro gida bai sake zaɓen komai ba, ko na mai unguwa. Makon nan kullum bayan magariba sai ya kira ni ya tambaya ko sunansa na nan a jerin. Kullum in ce yana nan, lamba ta huɗu. Har na fara ƙosawa da ganin kiransa, Allah ya yafe mini.

Mun tsaya a wani shagon 'yan Indiya a bakin titi muka sha karak, shayin madarar nan mai kauri, dirhami ɗaya kofi. Faratha, gurasarsu ta mai, da ƙwai dirhami uku. Ƙarfe shida bai yi ba amma iskar ta riga ta yi nauyi, gilashin idona yana yin raɓa da zarar na fito daga shago. Titi kuwa fes, layi shida kowane hannu, babu rami ko ɗaya da mutum zai zarga in ya makara. Abokina ya ce shi ya fi son hanyar garinmu, don a can aƙalla gargada tana hana direba gyangyaɗi.

Al Warsan rumbunan kaya ne jere da juna, duk launinsu ɗaya, duk ƙofarsu ɗaya. Sau uku muna wuce wurin da muke nema. Mutum tara ke gare mu a can, kuma sai da muka ci awa uku a kansu. Biyu sun kwana a bakin aiki, sai da muka buga ƙofa kamar masu neman rigima. Ɗaya ya karɓi takarda ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni su wane ne 'yan takarar, alhali shi ya fi kowa surutu a gurup ɗinmu na waya. Wani ya ce zai yi zaɓe in Hajiya za ta tafi wa matarsa da injin markaɗe. Na ce Hajiya ko allura ba ta ƙara wa kayanta, ya yi tsaki ya dangwala. Akwai wanda ya ƙi sam, wai duka 'yan takarar biyu daga unguwar gabas suke. Na roƙe shi, abokina ya roƙe shi da sunan coci guda da suke zuwa, ya ce shi dai a kai kasuwa. Na mayar da ambulan ɗinsa jaka babu komai a ciki, raina a ɓace.

Daga nan muka hau babban titin da ya bi ta bayan gari muka nufi Muhaisnah. Nan ne Dubai ɗin da ba a sakawa a hoto. Dogayen benayen suna can nesa cikin hazo, kusa da kai kuwa yashi ne da manyan motocin siminti da fararen bas-bas na ɗaukar leburori, an jera su suna hutun Lahadi. Rigata ta manne da kujera. Na fara tambayar kaina wa ya aike ni.

Sonapur gari ne na maza zalla. Gidaje masu hawa uku zuwa huɗu, kowace baranda an shanya shuɗayen kayan aiki, kowace ƙofa takalman aiki sun yi layi. A filin tsakiya 'yan Bangaladash sun baza kuɓewa da yalo a ƙasa, wanzami ɗan Pakistan yana aski a kan kujerar roba, dirhami biyar. Ƙamshin miyar kori ta 'yan Indiya da warin kwata suna ta kokawa. Mai gadi ya karɓi katinmu ya rubuta, ya ce awa ɗaya, yalla, wato mu yi sauri.

Mutanenmu goma sha huɗu sun taru a ɗaki ɗaya mai gado shida, hawa bibbiyu. Kowa da singileti da gajeren wando, sai Baba Garba. Shi farar shadda ya saka, an yi mata guga har tana ƙara, da hula zanna, da turare. Ya rataya zanen gado daga gadon sama ya yi labule, ya ce nan ne rumfar zaɓe, kada wanda ya leƙa wani. Samarin suka yi ta tsokanarsa suna ce masa baturen zaɓe, bai kula su ba. Ya ce shi zai yi na ƙarshe, don ya ga komai ya tafi daidai.

Sha uku suka gama lafiya. Baba ya shiga bayan labule ya daɗe, kai ka ce sunaye ɗari ne a takardar. Ya fito ya liƙe ambulan da kansa, ya ce bismillahi, ya danna yatsa a tawada ya danna a takarda. Da ya ɗaga, sai muka ga shuɗin tabo sumul kamar an ɗiga miya. Babu zane ko ɗaya.

Na kama hannunsa na duba. Siminti ya cinye fatar yatsun nan tas, sun yi santsi suna sheƙi, gefensu duk tsaga. Ya ce ai na'urar bakin ƙofar wurin aikinsu ma ta daina gane shi tun shekara uku, da kati yake shiga. Bai taɓa kawo wa ransa cewa takarda ma za ta ƙi shi ba. Ni ma da na amince da sharaɗin a madadin kowa, ina zaune a ofis mai sanyi, ban kawo ba.

Muka gwada duk dabarar da muka sani a kan wata tsohuwar takardar biredi. Ya goga yatsan a goshi. Ya wanke da sabulu ya shafa man basilin. Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi minti goma. Muka rage tawada, muka ƙara tawada. Muka gwada na hagu, duk da ba shi ke rajista ba, shi ma haka. Abokina ya ce a gwada na ƙafa, aka yi dariya, Baba bai yi ba. Agogo ya wuce ƙarfe ɗaya, mai gadi ya leƙo sau biyu.

Na ja shi gefe na rage murya. Na ce, "Baba, dattawan nan tabarau ɗaya suke karɓa-karɓa. Kawo in dangwala nawa a sabon ambulan, wa zai gane?"

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce, "Sakatare, shekara goma sha ɗaya nake jira in yi abin nan da hannuna. In da yatsan wani nake so, da tuni na ce ƙanena ya yi mini a gida. Kuma abin da suka ce za ka yi ke nan, ko ka manta? Ka kai musu shi haka. Kalas, magana ta ƙare."

Kunya ta rufe ni. Na karɓi ambulan ɗin da tabonsa, na rubuta a ƙasa da biro cewa mai wannan yatsa birkila ne, aiki ya shafe zanen, a gaban mutum goma sha biyar ya dangwala. Duk muka sa hannu har wurin ya cika. Suka tsare mu sai mun ci abinci, shinkafa biryani a faranti ɗaya da yajin ƙuli-ƙuli da wani ya ɓoye tun zuwansa hutu. Na ci, amma ban ji daɗinta ba.

Muka kama hanyar Deira, inda Hajiya ta sauka. Cunkoso ya kama mu wajen filin jirgi, muka iso masaukin Hajiya ana kiran la'asar, tana tsaye a kan akwatuna tana faɗa da mai awo. Ta karɓi jakar ta cusa a cikin jakar hannunta, ta ce in don wannan 'yar ledar muka yini a rana to Allah ya ba mu lada. Na isa ɗakina a Hor Al Anz, na yi wanka, na kwanta ban ko kunna fitila ba. Babban yatsana shuɗi ne har washegari saboda kama hannun mutane.

Ranar Asabar aka yi zaɓen a filin firamaren garinmu, na kalla ta waya. Ana ɗaukar ambulan, a kira suna a lasifika, a gwada da rajista, a jefa takardar a akwati. Da aka zo lamba ta huɗu mai kira ya ce, "Garba Birkila, daga Dubai!" Sai na ji wata tsohuwa daga cikin taro ta ce, "Ashe Garba na nan da rai!" Dattawa uku suka duƙufa a kan ambulan ɗin, suka karanta rubutuna, suka yi ƙus-ƙus. Wakilin ɗan takara ɗaya ya ce doka doka ce. Aka ajiye ambulan ɗin gefe ba a buɗe ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa, kuma bai da daɗi. Na yi shekara biyu ina faɗa a ba mu ƙuri'a, ban taɓa zuwa na dubi hannun waɗanda nake faɗan dominsu ba. Nisan Hor Al Anz da Sonapur bai kai minti talatin ba.

Sai da na yi sallar magariba na iya kiransa. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ina jin ƙarar fanka a ɗakinsu.

Ya ce, "Amma an kira sunana?"

Na ce an kira, a lasifika, har wata ta yi mamakin yana raye.

Ya yi 'yar dariya ya ce wannan Iya Talatu ce, ba wata ba. Sannan ya ce, "Wani ɗan Nepal ya gaya mini in mutum ya sa safar hannu wata biyu bai taɓa siminti ba, zanen yana dawowa shuwayya-shuwayya, a hankali a hankali. Zaɓe na gaba yaushe ne?"

Na ce sai bayan shekara uku.

Ya ce, "To ka riƙa tuna mini da wuri, ɗana."

Akwatin tawadar yana cikin durowata. Na ɗaure shi a leda biyu don kada ya bushe.