Ban Ga Sanƙonka Ba, Mola Lyonga

Da hantsin Litinin, sha huɗu ga watan Oktoba, 'yan bindiga suka kashe Mola Lyonga Mokake a bakin ƙofar ɗakin da yake koyar da rubuta manhaja a unguwar Molyko da ke garin Buea. Harbi a ƙirji, sara a wuya. Na faɗe shi ƙarara ne domin na ji wasu suna cewa "ya rasu", sai ka ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi.

Mola, ni Ndive da ake gaisarwa yau da hannu biyu, mai kamfani da ma'aikata, ban wuce aji uku a sakandare ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Ni na gina kaina. Amma in akwai wanda ya sa mini tubali ɗaya, kai ne, kuma da duka ka sa shi.

Ina tuna ranar da na kawo maka manhajata ta farko a harshen kwamfuta na C, ina hura hanci. Ta fara buga lambobi daidai, can sai ta shiga zubo shirme har ta mutu. Ka zaro wayar wuta ka tsula mini a ƙeya.

"Kai, ɗan tallan ayaba! Ka miƙa wa sashen manhaja jerin lambobi, ka bar gurbin tsawonsa fayau. Ido gare shi? Kan jerin kaɗai yake karɓa, bai san inda ya ƙare ba. Ko ka gaya masa su nawa ne, ko ka dasa alama a ƙarshe. In ba haka ba zai yi ta ci har ya faɗa gonar maƙwabci!"

"Da baki ma ai da na ji, tsoho mai sanƙo!" na ce, na kai maka naushi.

Muka yi ta yi har kujeru suka kakkarye. Da yamma ka saya mini fufu da miyar ganyen eru, kana tofar da jini kana dariya, ka ce gobe in zo da wuri.

Kowa a Buea ya san ba a buɗe ƙofa ranar Litinin, 'yan bindiga sun kafa dokar zaman gida. Kai ka ce ɗalibanka 'yan acaba ne da 'yan kasuwa, ita kaɗai ce ranar da suke da ita. Na gargaɗe ka, ka ce in je in yi gadin tumbina.

Katanga ce kawai tsakanin bayan ɗakinka da gidana. Ran nan na ji harbi, na ji gilashi yana tarwatsewa, sai muryarka:

"Ndive! Hau katanga ka ja ɗaliban nan!"

"Su nawa ne, Mola?"

"Uban wa ke da lokacin ƙirga? Yi ta ja! In ka ga sanƙona, an gama!"

Na yi ta ja. Fasassun kwalaben da ke kan katangar suka tsattsaga mini cinya. Wata ta fito babu rabin kunne, wani da harsashi a kafaɗa yana kiran uwarsa. Kai kana can ka tokare ƙofa da tebur da ƙirjinka, ina jin adda tana cin katako. Sai ɗalibai suka ƙare. Hannuna yana ƙasa, babu mai kamawa. Maƙwabta suka ce in sauko, an gama. Na ce ƙarya ne, ban ga alama ba. Da ƙarfi suka ɓamɓare ni, bayan na fasa wa ɗaya baki.

Duk wanda ya shiga ɗakinka ran nan yana numfashi yau, ban da kai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka zafin hannu, ya sanyaya makwancinka. Waɗanda suka yi wannan kuwa ban yafe musu ba, kada fasto ya wahalar da kansa. Iya Enanga matarsa, ke da 'yarsa Limunga, Allah ya ba ku haƙuri. Muddin ina raye ba za ku nemi komai a hannun kowa ba.

Litinin mai zuwa ɗakin zai buɗe, ni zan tsaya a ƙofa. Kai ka ce in yi ta ja sai na ga sanƙonka. Ban gan shi ba, Mola.

Ndive Esuka, Molyko, Buea